Ranar da Danna-Ɗaya Ya Raya Matattun Sito

Babba, Malama, da ke Auta, ku zauna wuri guda ku saurara. Rubutawa na yi don na san halinku, in da baki na fara, kafin in kai tsakiya kun katse ni sau goma. Babba ya karanta da ƙarfi. Auta, in an zo kan mijinki kada ki tashi. Ba ƙarya zan yi masa ba, gaskiyar ma ta ishe shi.

Tunda kun yi nisa da shago, bari in tuna muku yadda yake. Shagon kayan gyaran mota da ni da marigayi ubanku muka kafa, kwamfuta ɗaya yake da ita tun shekara ashirin da shida. Baƙin allo, koren rubutu, ba hoto, ba linzamin dannawa. Gwaggonku, ƙanwar ubanku, ita ke gabanta tun ranar da aka kunna ta. Bakanike zai shigo ya ce famfon ruwa na mota kaza, kafin ya rufe baki yatsunta sun bi ta kan madannai kamar kaza na tsintar hatsi, ko kallonsu ba ta yi, takarda ta fito a firintar sito ɗauke da lambar kanta. Baba Mai-sito ya yage takardar, ya ɗauko kaya. Shi ke nan aikin.

Akwai kuma dokar ubanku. A kowace kanta, can baya, ana ajiye matacce guda: tsohon ƙarfe da ya gama aikinsa, aka cire daga wata mota. Ubanku ya ɗiga masa jan fenti da hannunsa. Amfaninsa, in bakanike ya zo da nasa karyayye bai san sunansa ba, a kara da na kanta a gane irinsa. To kwamfutar nan tsohuwa ce mai taurin kai, duk abin da lambarsa ta kai sifili sai ta share shi daga jeri. Shi ya sa ake lissafa mataccen a ciki. In allo ya ce huɗu, uku ne. In ya ce ɗaya, babu. Kowa a shagon ya san haka kamar yadda ya san hanyar banɗaki, don haka ba wanda ya taɓa rubuta shi a ko'ina.

Sai mijin Auta. Kun tuna yadda ya shigo mana: wata shida yana zuwa shago sayen noti, kullum guda biyu, har muka gane ba notin ne damuwarsa ba. Daga baya ya yi kwas na wata uku a kan yin shafukan intanet, ya buga kati mai ruwan zinare ya rubuta Injiniya a jiki. Duk abin da aka tambaye shi a duniya amsarsa guda ce, “Danna ɗaya, shi ke nan!” Kanikawa kuwa ba a ba su irin wannan kyauta su mayar. Tun daga nan sunansa Danna-Ɗaya.

Da aka yi mini aikin gwiwa, likita ya ce in kwanta kwana arba'in. Kwana biyu da dawowata gida sai ga shi da kwamfutar hannu a hammata. Ya durƙusa ya gaida ni yadda ya kamata, wannan ba zan hana shi ba. Sannan ya buɗe baki.

“Inna, shagon nan yana zamanin jahiliyya. Mutane sun je wata sun dawo, mu muna kallon baƙin allo kamar masu leƙen rijiya. Ni ba zan taɓa tsohuwar kwamfutar ba, riga kawai zan sa mata. Shafi mai launi, mai hotuna. Bakanike na kwance ƙarƙashin mota, ya ciro waya, danna ɗaya, kaya ya same shi. Gwaggo ta huta. Makullai kuma a ba mai jini a jika.”

Aka ce masa kwana nawa. Ya ce sati ɗaya ma ya yi yawa. Aka ba shi arba'in ɗin duka, bisa sharaɗi: ranar ta arba'in a tara masu sayayya, a gwada a gabansu. In shafinsa ya fitar da kaya daidai, makullai nasa ne, Gwaggo ta bar kujera. In bai fitar ba, ya ajiye makullai ya kama gabansa. Laifina guda a duk maganar nan, na yarda Auta ta riƙe wayata, don wai likita ya ce kada a kawo mini damuwar shago.

Washegari Danna-Ɗaya ya shiga shago yana kaɗa makullai a yatsa. A ransa ya riga ya ga hotonsa a bango kusa da na ubanku, amma nasa ya ɗan fi girma. Ya tsaya a kan Gwaggo yana kallon allon yana girgiza kai kamar likitan da aka kira a makare.

Gwaggo ta ce, “Ɗan nan, jawo kujera ka zauna kusa da ni wuni guda. Akwai abubuwan da ba a allon suke ba.”

“Gwaggo, abin da ba ya allo ba ya duniya.”

“To ka ga lambar nan ta gefe, in ta ce ɗaya...”

“Ɗaya ɗaya ce, Gwaggo. Tun firamare aka gama wannan.”

“Ka bari in ƙarasa mana.”

“Wanda ya koyi tuƙin jirgi ba ya zama gun mai jaki ɗaukar darasi. Ba raini ba.”

Sifana, shugaban kanikawan layin, yana jingine da kanta yana jiran fulogi. Ya ce, “A'a, ba raini ba ne Gwaggo, yabo ne. Jakin ma ai ya gode.”

Gwaggo ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Kun san in ta yi haka an gama. Ta ce, “Na rufe bakina. Daga yau ba zan ƙara gaya maka komai ba sai ka tambaya da bakinka.”

“Allah ya ba mu lafiya,” in ji shi, yana murna an rage masa surutu.

Kwana ashirin ya yi yana haɗa wayoyi, sati ɗayan ya tafi inda alkawarinsa ke zuwa. Dabarar da ya yi kuwa, shafin nasa ba shi da ƙwaƙwalwar kansa. In an danna a waya, sai wasu yatsu da ba a gani su shiga tsohuwar kwamfuta su buga madannai a madadin mutum, su kwaso duk abin da ke allon su shimfiɗa a shafi mai launi. Duk abin da ke allon, ku riƙe wannan. Abin da bai lissafa ba, ita tsohuwar kwamfutar ƙofa ɗaya gare ta, kuma Gwaggo na zaune a bakin ƙofar.

Ranar gwajin farko ya ba Sifana wayarsa ya ce ya nemi birki. A daidai lokacin Gwaggo na buga wa wani direba lagireto. Sai ta ga rubutu na tsirowa a tsakiyar nata kamar ciyawa a gona. Ta goge, ya dawo. Ta buga, aka buga a kanta. Ta ƙara sauri, su ma yatsun ɓoye suka ƙara. Can cikin sito firinta ta kama kuka, ba ta tsaya ba sai da takarda ta kai ƙasa ta naɗe. Baba Mai-sito ya fito da ita a wuya kamar an yi masa rawani ya warware.

“Wane ne yake son lagireto arba'in da huɗu da birki rabi?”

Sifana ya ɗaga wayar. A tsakiyarta wani ɗan zobe ke juyawa. Ya ce, “Injiniya, wannan me yake yi?”

“Tunani yake.”

“To Allah ya ba shi mafita. Da alama matsalarsa ta fi tawa.”

Da wani ne da ya ji kunya. Shi kuwa ya ce ai wannan alama ce ta ƙarfin shafin, tsohuwar ce ta firgita. Washegari ya zo da ƙararrawa ya ɗaura a gefen teburin Gwaggo, ya haɗa ta da shafin. Doka: duk lokacin da ta kaɗa, Gwaggo ta ɗaga hannu daga madannai har yatsun ɓoye su gama. Ƙararrawa ta yi ƙara, ya yi ihu daga ƙofa, “Hannu sama, Gwaggo!” Ta ɗaga, fuskarta kamar an aiko mata da sammaci. Kafin azahar duk kanikawan da ke layi sun koya. Ƙararrawa na kaɗawa sai ka ga mutum goma sha biyu, baƙin mai har gwiwar hannu, sun ɗaga hannu sama gaba ɗaya. Wata mata da ta zo wucewa ta leƙo ta gani, ta ruga tana kururuwa wai 'yan fashi sun shiga shago. Sai da mai shayin bakin titi ya bi ta da bayani.

Saura kwana uku a yi taro, ya zo kan hotuna. Ranar hutu ce, shago a rufe, ya shiga sito shi kaɗai da kyamara. Yana jawo kwalaye sai ya ga bayan kowace kanta wani ƙarfe mai tsatsa, da ɗigon jan fenti a ka. Ya duba ta biyu, haka. Ta goma, haka. Zuciyarsa ta yi fari. A ransa ya ce, ga hujja! Shekara da shekaru tsofaffin nan sun bar kaya na ruɓewa a lungu, ba mai kula, sai da Allah ya kawo shi. Ya ga kansa a gaban taro yana cewa, dukiyar da aka binne na tono.

Ya tsallaka ya kira Mai-fenti, wanda ke fesa motoci a bayan layi. Suka kwaso su duka a baro, wajen ɗari shida, suka shimfiɗa a tsakar gareji.

Mai-fenti ya ɗaga wani famfo ya girgiza, ya ji yana ƙara kamar gwangwani da tsakuwa. Ya ce, “Injiniya, anya waɗannan ba na marigayi ba ne masu jan kai? Ka tambayi Gwaggo kuwa?”

“Kai da fenti aka kira ka ko da shawara?”

“Da fenti.”

“To fesa.”

“Wane launi?”

“Ruwan azurfa. Su yi ƙyalli har a waya a ji ido na zafi.”

Mai-fenti ya ɗaga kafaɗa. Aka wanke su da fetur, aka fesa, aka shanya. Kafin la'asar matattu ɗari shida sun fi sababbi kyau. Danna-Ɗaya ya ɗauke su hoto ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su a kwalayen da ba kowa a ciki, ya manne baki, ya jera su cikin 'yan'uwansu. Ba a baya ba, a gaba, don su suka fi haske.

Da safe Baba Mai-sito ya zura hannu bayan kanta ya ji wayam. Ya zura a ta gaba, wayam. Ya fito hularsa a karkace.

“Ina jajayen?”

“Na gyara muku ɓarnar shekara ashirin, Baba. Ba sai ka gode ba.”

“Yaro, tsaya ka ji. Waɗannan...”

“Ƙorafi ne?”

“Ƙorafi ne mana, babba ma!”

“Madalla. Mun daina ƙorafin baki a kamfanin nan. A ƙasan shafi akwai akwatin ƙorafi. A rubuta, danna ɗaya, zai zo mini kai tsaye.” Ya sa waya a kunne ya fice, alhali ba wanda ya kira shi.

Baba ya nemi wayata, Auta ta ce ina barci, kuma likita ya hana. Ya dawo ya tsaya gaban Gwaggo. Ta ce ita ta yi rantsuwa ba za ta gaya masa da baki ba, amma rantsuwar ba ta hau kan yatsu ba. Baba ya faɗa, ta rubuta a akwatin, suka danna ɗaya kamar yadda aka umarce su.

Ana gobe taro, ya aika wa duk kanikawan garin adireshin shafin. Ya kuma ƙara wata hikima da ya gani a shafukan manyan kamfanoni: duk abin da lambarsa ta nuna ɗaya, sai jan rubutu ya riƙa walƙiya a kansa, SAURA ƊAYA, YI SAURI! To kun san kanikawa. Akwai kayan tsofaffin motoci da suka shekara suna nema, Gwaggo na ce musu babu. Yau ga shi a waya, sabo fil, yana ƙyalli. Ƙararrawa ta kama kaɗawa ba tsayawa. Gwaggo ta gaji da ɗaga hannu, ta harɗe su a ƙeya ta jingina, ta wuni a haka.

Baba ya ce shi hannunsa ba zai miƙa wa mutum gawa a kwali ba. Ya zauna a kan taya ya juya baya. Danna-Ɗaya ya ce hassada ce, ya naɗe hannun riga ya shiga sito da kansa. Ya tara masu babur takwas a ƙofa, yana ɗaurawa suna tashi. Shi kansa Mai-bas, wanda motocin hayarsa suka fi talatin, wanda rabin cinikin shagon nan a hannunsa yake, ya danna famfon ruwa na wata tsohuwar bas da ya ajiye wata biyar don rashin famfo. Danna-Ɗaya ya ɗaura wa nasa kwalin jan ƙyalle, ya haɗa da katin gayyata: gobe ya zo a cikin bas ɗin, a matsayin babban baƙo.

Ranar arba'in aka kafa rumfa a ƙofar shago, aka jera kujeru, aka rataya farin ƙyalle da majigi. Aka ɗauko ni a mota aka zaunar a gaba, sandata a hannu. Shi yana cikin sabuwar kwat, lasifika a baki. Ƙarfe goma ta yi, kujerun kanikawa ba kowa. Ya ce wa Auta kada ta damu, suna can suna ado.

Ya fara jawabi ga mai shayi, Mai-fenti da maƙwabta. Ya ce daga yau tarihi ya kasu biyu, kafin shi da bayansa. Ya ce da tsohuwar zuma ake magani, amma shi bai zo da ciwo ba. Yana cikin haka aka ji wata waƙa daga ƙarshen layi, irin wadda ake yi in ana tura abu mai nauyi.

Bas ce. Mutum wajen ashirin ke tura ta, hayaƙi fari na tashi daga gabanta kamar an buɗe tukunya. A gefen direba Mai-bas ne zaune, babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf. A bayan bas ɗin kuma jerin gwano: Sifana a gaba, kanikawa a baya, kowa rungume da ƙarfe mai ruwan azurfa.

Danna-Ɗaya ya ce a lasifika, “Jama'a ku duba! Har kayan suka ɗauko don su nuna godiya!”

Aka tsayar da bas a bakin rumfa. Mai-bas ya sauko a hankali, ya zo gabana ya gaishe ni, ya tambayi gwiwa. Sannan ya juya.

“Kai ne Injiniyan?”

“Ni ne, ranka ya daɗe.”

“Famfon nan naka ya yi tafiyar minti shida. A na bakwai ya tuna ya mutu.”

“Wataƙila wajen ɗaurawa ne aka...”

“Ni na ɗaura,” in ji Sifana. Ya dire wani kafireto a kan tebur, ƙasa ta zubo daga ciki. “Wannan kuwa na san shi. Ni na cire shi daga motar surukina shekara goma sha biyar da suka wuce, na kawo wa marigayi kyauta. Jiya na biya mai babur ya dawo mini da shi. Ya yi ƙiba, ya yi fari, har na so in gaishe shi.”

Wani daga baya ya ɗaga boris na taya. “Nawa ba ƙwallo ko ɗaya a ciki, amma wallahi ya yi kyau. Matata ta ce a bar mata ta sa a falo.”

“Nawa gidan zanzaro ne a ciki, har shi an fesa!”

Gumi ya keto wa Danna-Ɗaya. Amma bakin bai mutu ba. Ya ce, “Jama'a, a bi tsari. Kamfanin zamani ba ya aiki da hayaniya. Da akwai matsala da an rubuta. Ga akwatin ƙorafi, yanzu zan buɗe a gabanku ku ga babu ko ɗaya.”

Ya danna. A kan farin ƙyalle, da harufa kowanne kamar tafin hannu, saƙo guda ya fito, mai kwana biyu, ba a taɓa buɗe shi ba. Mai shayi ya karanta wa na baya da ƙarfi:

“Zuwa ga Injiniya. Masu jan fenti matattu ne, na gwaji, ba na sayarwa ba. In allo ya ce ɗaya, babu. Kada ka sayar wa kowa. Daga Mai-sito. Gwaggo ce ta buga amma ba ita ta faɗa ba.”

Rumfa ta ɗauka. Mai-fenti ya faɗo daga kujera. Danna-Ɗaya ya kai wa linzami cafka don ya rufe, ya danna inda bai nufa ba. Shafin ya tafi jerin masu sayayya, ya buɗe na wanda ya shiga da sunansa, wato shi kansa.

Na ce ku riƙe cewa shafin na kwaso duk abin da ke allon. A can ƙasan baƙin allo akwai layi guda da muke rubuta abin da ya kamata mai zama a kujera ya sani game da kowane mai sayayya. Ba wanda ke gani sai mu. Shi ya kwaso shi bai karanta ba, ya sa masa kan magana da ruwan zinare: ABIN DA MUKA SANI GAME DA KAI. A ƙarƙashi, rubutun shekara bakwai:

“Ba shi da mota. Ko keke ba shi da shi. Auta yake zuwa gani. A ba shi noti biyu ya tafi, in ya fara magana kada a ba shi kujera.”

Wannan ni na rubuta, ba Gwaggo ba, kuma ban janye ko harafi ba.

Daga nan ba a ƙara jin lasifika ba. Kowane bakanike ya ciro waya yana neman nasa. Sifana ya karanta nasa da kansa, “Gwani ne, amma a ƙirga sifanun shago kafin ya fita,” ya ce wannan ƙazafi ne, sannan ya laluba aljihu ya ajiye guda biyu a tebur. Mai-bas ya duba nasa, ya mayar da waya aljihu, har yau bai faɗa wa kowa ba. Ana cikin haka wani ya danna wani abu, ƙararrawa ta kaɗa daga cikin shago, rumfa gaba ɗaya ta ɗaga hannu sama, har da Mai-bas.

Gwaggo kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta fito da jakarta, ta tsaya gaban mijin Auta ta miƙa hannu. Ya zuba mata makullai. Ta kawo ta ajiye a cinyata, ta ce, “Yaya, ga amanarki. Kujerar ma a ba ƙararrawa.” Ta tari mota ta tafi gida.

Yau kwana tara ke nan. Ga inda muke.

Mai-bas ya ce albarkacin ubanku zai jira zuwa ƙarshen wata, in bai ga Gwaggo a kujerarta ba zai kai motocinsa wani wuri. Ni da Baba muke lallaɓa allon da yatsa ɗaya ɗaya, layi har titi. Su kuma kanikawan da suka yi masa dariya, su ne yanzu ke damuna wai yaushe za a dawo da na waya, don sun ɗanɗana daɗin aiko da kaya suna kwance ƙarƙashin mota. Sifana ma cewa ya yi abin yana da kyau, mai shi ne ba a ƙarasa ɗaurawa ba. Wato rigar ana so, amma sai an auna ta a jikin mai ita, kuma awon yana kan Gwaggo.

Na aika mata sau uku. Ta ce za ta dawo bisa sharaɗi biyu: a cire ƙararrawa, sannan ya zauna kusa da ita wata uku a kan ɗan gajeren bencin nan na sito, duk abin da bai sani ba ya buɗe baki ya ce, “Gwaggo, mene ne wannan?” Shi kuma ya aiko Auta wai ya yarda da wata ukun, ya yarda da ƙararrawa, amma benci ya zama tsayinsa ɗaya da kujerarta, kuma a gaban mutane ta riƙa ce masa Injiniya. Gwaggo ta ce in ta kira shi Injiniya, injin ma sai ya kai ta ƙara. Auta na kuka wai an tozarta mata miji. Ni ban ga wanda ya taɓa linzamin nan ranar ba sai shi.

To shagon nan naku ne, ni gwiwa ta gaya mini gaskiya. Babba, kai Gwaggo ke jin nauyi. Malama, ke kika iya da bakin mijin ƙanwarki. Auta, ki share hawaye ki zaɓa, ko tsayin benci ko abincin gidanku. Ku zauna yau, ku raba gardamar nan kafin wata ya ƙare, ku zo mini da magana guda. Makullai na ƙarƙashin matashina, ba kuma za su fito don kuka ko cika baki ba.

In kun tashi, wani ya biya ta sito ya kai masa sabuwar takardar gurza. Yana can zaune a ƙasa yana kankare azurfa yana neman jan ɗigon ubanku, kwali bayan kwali. Ya gano ɗari da tara. Jiya Baba ya ji shi yana tambayar wani famfo, a hankali, ko shi mai rai ne. Tambaya dai ya fara. Saura ya juya ta wajen Gwaggo.